Kwana Uku a Kan Distiributa

A rana ta uku na ɗauko guduma.

"Ki fasa shi, sai mu kai Baba tsakiyar tafki da iyo," in ji yayana, yana zaune a bakin jirgin ruwan Baba yana cin sanwici.

"In ba za ka kama ba, rufe mana baki."

Distiributan injin, mai raba wa filogi wuta, haƙoransa na ƙasa sun cinye, sai an zare shi a canza. Ya ƙi ko motsi. Na jiƙa shi da kananzir, na gasa gindinsa, na zage shi tas. Gobe za mu zuba tokar gawar Baba a Tafkin Huron, kuma a jirginsa ya ce a kai shi.

Na buga, na ƙara. Sai ƙas, ya juya! Maimakon tsatsa, wani busasshen abu fari ya zubo.

Mama ta leƙo da butar kofi. "Au, kin ɓalle gam ɗin?"

"Wane gam kuma?"

"Babanki ne ya liƙe shi tun kina 'yar shekara sha shida. Wai duk sanda ya saita wutar, sai kin bi bayansa kin gyara masa."

"Mama! Kwana uku kina kallona!"

"Kin tambaye ni?"

Na canza haƙoran, na saita wutar yadda na ga dama. Har la'asar injin yana tari. Bai tashi sumul ba sai da na mayar da distiributan daidai kan shatin gam ɗin Baba.