Littafin da Ambaliya Ta Kawo

Gwadabe dillalin gyaɗa ne ya kawo littafin, a naɗe cikin tsumma, ya ɗora shi bisa kwandon ƙwai a matsayin gaisuwa ga sabon Di'on Haɗejiya. Tun da rubutun Nasara ne a ciki, ya ga ba wanda ya fi dacewa da shi.

Di'on, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Lofe, a tsaye ya kwance tsumman. Da ya ga bangon, sai ya nemi kujera.

Ɗan ƙaramin littafi ne na waƙoƙin Latin, tsohon harshen malaman Turai, an buga shi a Italiya tun farkon zamanin ɗab'i. Mai Lofe ya san tarihinsa ciki da bai. Wani limamin coci ne ya fara mallakarsa, sojan Faransa ya ɗauke shi ganima, daga baya ya faɗa hannun kakan kakansa, ya yi ta gangarowa daga uba zuwa ɗa. Na ƙarshe shi ne mahaifinsa, hafsa a rundunar da ta ci Haɗejiya da yaƙi shekara talatin da suka wuce. Washegarin yaƙin aka nemi hafsan aka rasa, sai hularsa aka tsinta a bakin kogi. Uwar Mai Lofe ta raine shi a kan cewa ubansa jarumi ne da aka yi wa kisan gilla, kuma har ta mutu ba ta tuɓe baƙaƙen kayan makoki ba.

Saboda wannan ya nemi a turo shi Haɗejiya.

Ya sa aka tsare Gwadabe. Gwadabe ya ce daga hannun Kawu, wani baduku a Auyo, ya karɓa. Kawu ya ce wani masunci mai suna Ari ya kawo masa ko fatar bangon za ta yi amfani, ya ga ta tsufa da yawa. Ari kuwa sai da ya sha bulala ya buɗe baki. Ya ce bara da ambaliya ta ci garin Baturiya ya tsinci littafin cikin ƙwarya yana yawo a kan ruwa, kuma kowa a garin ya san na Malam Kolo makaho ne.

Da Mai Lofe da mutanensa suka isa garin, a inuwar tsamiya suka tarar da Malam Kolo yana saƙa komar kamun kifi da lalube. Dogon tsoho ne, rana ta ƙone hannayensa, amawalin rawaninsa ya rufe har karan hanci. An ce Balaraben hamada ne da ya zo tun da daɗewa, ya auri 'yar masunta ya zauna. Hausarsa ma har yau ba ta gama miƙewa ba.

Mai Lofe bai sauka daga doki ba. Ya yi tambaya da Turanci, tafinta bai ko fara juyawa ba tsohon ya ɗago kai. Ya roƙi a miƙo masa littafin. Ya shafa bangon, ya buɗe ta wajen da Nasara ke buɗewa, ya kai hanci ya shaƙa, ya mayar.

Di'o ya ce in ba a faɗi wanda ya kashe mai littafin ba kafin la'asar, za a cinna wa rumbunan garin wuta, a tasa ƙeyar duk wani magidanci. Mata suka fara koke-koke ta bayan danga.

Tsohon ya tambaya ko mahaifiyar Bature tana da rai. Tafinta ya isar. Mai Lofe ya amsa cewa ta rasu tana jiran a kawo mata ko da ƙashin mijinta.

Malam Kolo ya ajiye komar. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mai littafin nan ni na kashe shi. Ni kaɗai. A ƙyale garin."

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya bi bayan dawakai cikin lakar fadama har Haɗejiya, yana faɗuwa ana ɗaga shi. Aka kulle shi kafin a kai shi Kano shari'a. Zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi cin abinci. Masu gadi sun ce sun riƙa jin yana sambatu mai kama da waƙa, cikin wani harshe da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Bai ga Juma'a ba.

Mai Lofe ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Yana zaune a ofis, littafin a gabansa, aka shigo da matar mamacin, wata tsohuwa mai suna 'Yar'azumi, ta zo roƙon gawa. Ya ce za a ba ta, da sharaɗin ta nuna inda mijinta ya jefa gawar hafsan.

Ba ta durƙusa ba. Ta ce wa tafinta ya faɗa masa kalma da kalma, kada ya rage.

Ta ce ita ce ta tsamo hafsan daga kogi, washegarin ranar da aka cika ƙofar gari da gawawwaki. Da ƙafarsa ya shiga ruwan, littafin ɗaure a ƙirjinsa, don ya kasa ɗaukar abin da hannunsa ya aikata. Ubanta ya yi jinyarsa, hafsan ya musulunta, aka ba shi suna da rawani, aka aura masa ita.

"Ranar da kuka zo, tun daga muryarka ya gane ka," in ji ta. "Da ake ɗaure shi ya raɗa mini in yi shiru. Ya ce gara ka ɗauke shi wanda ya kashe ubanka, da ka san shi ne uban da ya gudu ya bar ku."