Tantabara ta Tara

Tunda ka ce sana'ar da za ka shiga ke nan, riƙe wa matafiya dabbobinsu har su dawo, bari in ba ka misali ɗaya. Ba don in hana ka ba. Wanda ya riga ya kai sunansa wurin mai rubuta allon talla ai ba ya hanuwa.

Wani mutum ne ya ajiye aikin gwamnati, ya share bayan gidansa, ya sa aka ƙera masa keji huɗu. Ya sanar a masallaci da teburin mai shayi cewa duk mai tafiya ya kawo masa mage, ko aku, ko zomo. Wata biyu ko ƙadangare ba a kawo masa ba. Sai ga wani dattijo daga can ƙarshen gari, wanda duk masu kiwon tsuntsu ke jin maganarsa, ya zo da tantabaru takwas. Zai je Kano a cire masa yanar ido, kwana goma zai yi, gidan kuma ba kowa sai muzurun maƙwabta. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a zuba dawa da ruwa ta gefe, kada a buɗe ƙofar kejin. Mutumin ya ce ai wannan ko ba a faɗa ba. Ya san kuma in dattijon nan ya yabe shi sau ɗaya, kejin huɗu ba za su ishe shi ba. A kwana na uku wata hajiya ta zo duba wurin kafin ta kawo magenta. Ta leƙa, ta yatsina fuska, ta tambaya ko ana ma share cikin kejin kuwa. Don ya nuna mata sai ya buɗe. Wata fara mai ɗigon baƙi a wuya ta bi ta saman kafaɗarsa, ta haye katanga, ta yi sama. Hajiya ta ce za ta je ta yi shawara. Har yau tana yi.

Da la'asar 'yar dattijon ta kira daga Kano, ta ce Baba na tambayar tsuntsayensa. Mutumin ya dubi bakwai ɗin da suka rage, ya ce lafiya lau, dukkansu. Washegari ta sake kira, ya sake faɗa, har ya ƙara da cewa sun yi ƙiba. Kwana huɗu yana zagaya unguwa, kai a sama, yana kallon rufin mutane har aka fara yi masa kallon da bai gane ba. Ranar kasuwa ya je layin masu tsuntsu, ya bi kwando kwando sai da ya samo fara mai ɗigo a wuya. Ɗigon ya ɗan karkata hagu, amma wa zai auna? Ya kawo ta ya jefa a keji. Namijin waccan da ta gudu bai yarda da aure irin wannan ba, ya dinga saran baƙuwar har ta koma lungu ta takure, ba ci ba sha. Mutumin ya rarrashi kansa da cewa tsohon nan ko goro da gauta ba ya bambancewa. Sannan ya tuna abin da ya kai tsohon Kano. Da ido garau zai dawo.

Dattijo ya dawo, washegari ya zo da kansa, da sabon tabarau. Ya nemi kujera ya zauna gaban kejin, ya daɗe yana kallo. Mai gida na tsaye a bayansa.

"Malam, ba abin da ya same su?"

"Ko gashi ɗaya bai faɗi ba, Baba."

"Ƙofar nan ba ta taɓa buɗewa ba? Iska takan yi haka. Ni ma ta sha yi mini."

Ƙofa ce tsohon ya buɗe masa, wadda ta fi ta kejin faɗi. Mutumin ya ce wallahi ko kusa da ita bai je ba.

Dattijo ya gyaɗa kai. "To, madalla. Takwas na bari, ga takwas. Sai kuma wadda na tarar jiya a kan rufin ɗakina. Maƙwabta sun ce mako guda ke nan suna watsa mata gero."

Bai ɗaga murya ba. Ya kwashe bakwai ɗinsa a kwando, ya bar masa baƙuwar, ya yi godiya ya fita. Bai taɓa zaginsa a gaban kowa ba. Duk wanda ya zo neman shawara ko ya kai dabbarsa can, sai ya ce: "Mutumin kirki ne. A hannunsa tantabaru ƙaruwa suke yi ba tare da ƙwai ba." Kejin huɗu suna nan, matar mai kejin na ajiye albasa a ciki.

Ka lura, ba tsuntsuwar ce ta kashe masa kasuwa ba. Tsuntsu yakan kuɓuce wa kowa, kuma duk mai kiwo ya san tantabara gida take komawa. Da ya faɗa tun kiran farko, da an ce masa ya hau babur ya je ya duba rufin, magana ta ƙare kafin magariba. Shi ya zaɓi ya haƙa wurin ɓuya, ya shiga, ƙafafunsa na waje. Shi ya sa Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne.