Kyautar da Ta Ci Yatsan Almu

Almu ba shi da kowa a London. A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa ne gwamnatin jiharsu ta turo shi koyon zanen gine-gine, ya kama ɗaki a unguwar Catford. Daga makaranta sai ɗaki. Ran Asabar yakan wuni bai buɗe baki ba sai in zai yi salla. Kaɗaici ya ishe shi.

Wata rana a cikin bas ya yi atishawa, sai ya ji an ce masa "Sannu" da Hausa. Kwandastan ne, Baba Bernard, mutumin Jos, wanda ya yi furfura a Ingila. Almu ya riƙe hannunsa kamar ba zai saki ba.

Baba Bernard ne ya kai shi gidan wasan bowling, inda ake zura yatsu uku a ramukan wani ƙwallo mai nauyi, a mirgina shi ya kayar da sanduna. Almu bai iya ba, amma a can ana kiran sunansa, ana dukan kafaɗarsa in ya dace. Asabar, ranar da suke zuwa wasan, ta zama ranar da yake jira.

Ba a daɗe ba dattijon ya zo masa da wani baƙin ƙwallo a cikin jaka.

"Nawa ne tun zuwana ƙasar nan," in ji shi. "Kafaɗata ta gaji, na yi retire daga jefa ƙwallo mai nauyi. Riƙe, ɗana, naka ne."

To, irin wannan ƙwallo daidai yatsun mai shi ake huda shi. Baba Bernard siriri ne, yatsunsa kamar tsinke. Almu kuwa da fartanya ya tashi, babban yatsansa kakkaura ne. Da ƙyar yake shiga ramin, in zai fita sai ya gurji fata.

Tun ranar farko ya ji zafi, amma ya yi shiru. A gidansu an koya masa ba a kushe kyautar babba, kuma namiji ba ya raki. Bayan wannan, yana tsoron ɓata wa mutum ɗaya tilo da ke ce masa ɗana.

Yatsa ya kumbura, jini ya kwanta a ƙarƙashin farce har ya yi baƙi. Almu ya riƙa gasa shi da ruwan zafi yana shafa man zafi, kamar yadda ake yi wa targaɗe a gida. Da fatar ta tsage sai ya naɗe ta da filasta, ramin ya ƙara matsewa.

"Me ya sami hannun?" Baba Bernard ya tambaya.

"Ƙofa ce ta datse ni, Baba."

"To ka huta wannan week ɗin mana."

"Ai ba komai, ya kusa warkewa."

Ya ɗauki ƙwallon ya sake jefawa yana murmushi, hawaye na neman zubo masa.

Ana gab da jarrabawar ƙarshe yatsan ya tara mugunya, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya kwanta a ɗaki shi kaɗai, babu mai miƙa masa ruwa. Da ya lallaɓa asibiti, likita ya cire farcen ya tsaga yatsan, ya ce ciwon ya riga ya ci gaɓa, ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Mai zane kuwa da babban yatsa yake riƙe fensir. Almu bai zauna jarrabawa ba, gwamnati ta janye tallafinta.

Baba Bernard ya same shi yana haɗa kaya da hannu ɗaya. A nan Almu ya faɗa masa gaskiya. Dattijon ya zauna a bakin gado.

"Ɗana, ai a shagon gidan wasan ake gyara ƙwallon. Su auna yatsanka, su buɗa ramin, kafin ka sha shayi an gama. In rami ya matse ya gurje ka, in ya yi faɗi ka yi ta damƙa har ka ji ciwo. Laifina ne da ban duba ba. Amma me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunya, Baba. Kada ka ce na raina kyautarka."

"Ni ƙwallo na ba ka. Ban ce ka biya ni da yatsa ba."

Almu ya koma gida babu takardar shaida. Ƙwallon yana nan a ƙarƙashin gadon ɗakinsa na Catford, don Baba Bernard ma ya kasa ɗaukarsa.

Mai karatu, ko a wasa ko a aiki, kayan da bai dace da hannunka ba, kai shi a gyara kafin ka ci gaba. Ciwo kuma in ya fara, faɗe shi tun yana ƙarami. Kunyar da za ta sa ka ɓoye ciwo cuta ce.