Tankar da Ta Zama Bango

Sa'ad da Janar ya iso da masu hoto don a ɗauke shi gaban tankar abokan gaba, wata tsohuwa da ke aiki a jikin tankar ko ɗagowa ba ta yi ba.

Kwana uku ɗaruruwan tankoki suka yi suna ɓarin wuta a gonakin raken Punjab. Wannan tankar ce ta rushe wa tsohuwar bangon gida, sannan ta kafe a taɓo, sojojin ciki suka ranta a na kare.

"Iya, matsa!" in ji wani soja. "Ganimar ƙasa ce!"

"Ɗan nan, ƙasar ce za ta gasa mini gurasa? Da busasshen kashin ɓaunar da muke kiwo nake hura wuta, ina zan shanya shi?"

Ta dunƙulo wani curin ɗanyen kashi, ta maka a jikin ƙarfen. Tuni ta lulluɓe tankar har bakin bindiga, kowane curi da sawun yatsunta biyar.

Janar ya toshe hanci. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne babbansu? A bangona sai kashi ya kwana shida bai bushe ba, a nan kwana uku. In za ku sake yaƙin, ku bar mini guda a ƙofar gida."