Ƙwan Rada na Baba

Ina cikin goge akwatin da Baba ke ajiye ƙwan radarsa, ƙwan ya suɓuce min ya tarwatse. Thyratron yake ce masa, ƙwan gilashi mai gas a ciki, na tsohuwar na'urar rada mai gano jiragen sama da ya yi aiki da ita a Najeriya. Ba ya bari kowa ya taɓa.

Na share, na yi gum. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham, na samo irinsa wurin wani tsoho a unguwar Lozells, na mayar cikin akwatin.

Da yamma Baba ya ɗaga shi a haske.

"Turai, wannan lafiyayye ne. Nawa cikinsa baƙi ƙirin."

"Baba, ka yafe min. Na san abin alfaharinka ne."

"Alfahari?" Ya ajiye ƙwan. "Ni na ƙona shi. Ban bari ya ɗumama ba na sakar masa babbar wuta. Abokin aikina Jeremiah aka ɗora wa laifin aka kora, na yi shiru. Ke kwana uku kina kauce wa idona. Ni shekara arba'in ke nan ina kauce wa nasa."