Awa Shida a Roma

Bakina ne ya jawo mini, kamar yadda ya saba. Wata Talata a shekarar 2005 na ɗauko wata tsohuwar Baturiya a tasi daga asibiti zuwa unguwar Irving Park a nan Amurka, sunanta Madam Pruitt. Na hango littafi a cinyarta mai hoton ginshiƙan dutse, sai kawai na ji kaina ina cewa ai Roma gida ce a wurina.

Maganar gaskiya, awa shida na yi a Roma, duka a filin jirgi, na yi matashi da jakata ina jiran jirgin New York. Abin da na ci a ƙasar Italiya bai wuce dambun naman da Innata ta ƙullo mini daga Kano ba.

Tsohuwar ta gyara zama. Ta ce a watan Mayu za ta yi sati uku tsakanin Italiya da Girka, tana son ta sake ganin kufan da ta zaga da marigayi mijinta kafin ƙafafu su ƙi. Tana neman ɗan rakiya mai ƙarfin ɗaukar jaka, wanda kuma ya san abin da ake kallo. In aka dawo lafiya, shi zai zama direbanta na dindindin, har da inshorar lafiya. Ta ce in zo gidanta bayan sati biyu.

Shekara bakwai ina tuƙin tasi, bayana ya gama lalacewa. Ina son aikin nan kamar in yi kuka.

Na kwaso littattafai tara daga laburare. Ina jiran fasinja a titin Wendover ina haddar sunayen sarakunan Romawa kamar ɗan jarrabawa. Amma ilimi in ba a zuba wa wani ba, ba ya zama a kaina, don haka na samu ɗalibi a gida: Baba Mamane, dattijon Damagaram da muke haya tare a High Point Road. Aikin lambu yake yi a gidajen masu hali. Ni nake sauke shi kullum a bakin unguwarsu, ban taɓa tambayar wane gida ba.

Mutum ne marar magana. Karin kumallonsa burodi ne da man zaitun da ɗan barkono, ni kuwa ina tausayinsa, ina cewa a raina rashi ne. In ya dawo aiki sai ya zauna yana share ƙaramin cokalin haƙarsa da buroshi, a hankali, har abin ya riƙa ba ni haushi.

Na koya masa komai. Na gaya masa Girkawa sun riga Romawa. Na gaya masa Romawa ma suna da daddawarsu, ta kifi ce da ake bari ta ruɓe a rana. Na dafa taliya da manja da yaji na ce masa kusan haka ake cinta a birnin Napoli na Italiya. Ya cinye tas, ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Allah shi yi albarka, Malam Haidar."

Sau ɗaya ya so ya sa baki. Na nuna masa hoton wani haikali na ce na Romawa ne. Ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan ginshiƙin.

"Anya kuwa?"

"Baba, abin na masu karatu ne, bar shi kawai."

Ya janye yatsansa. Da na duba ƙasan hoton daga baya, na Girkawa ne. Na ce sa'a ya ci, ban kuma gaya masa ba.

Ranar da zan je gidan Madam, na ɗauko Baba Mamane da safe kamar kullum. A mota, muna tsaye a danja, na kasa riƙewa.

"Baba, tsakanina da kai, ban taɓa fita daga filin jirgin Roma ba. Duk ƙarya na shirga wa tsohuwar nan. Ka yi mini addu'a kada ta gano."

Danja ta ba mu hannu, ya juyo ya dube ni.

"Ka gaya mata gaskiya, ɗana. Ya fi sauƙi."

Na yi dariya. Na ce masa da gaskiya ce ke ba da aiki a Amurka, da shi ba ya nan yana cirar ciyawa da furfurarsa. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni. Na sauke shi inda na saba, na koma gida na sa kwat.

Ƙarfe goma ina falon Madam Pruitt. Ta kawo shayi, ta tambaye ni shekara nawa na yi a Roma. Ga ƙofar gaskiya a buɗe, sai na ce uku. Na ƙara da cewa ina da abokai can. Na yi minti ashirin ina zuba, tana gyaɗa kai, har na fara tunanin irin takalmin da zan saya na tafiya.

Da na tsaya shan numfashi sai ta ce ita fa ba ta san komai ba, mijinta ne masanin haƙar kayan tarihi. Amma akwai wanda ya yi masa shugaban ma'aikata shekara goma sha ɗaya a wani tsohon birnin Girkawa da Romawa a gaɓar tekun Libya, da hannunsa ya tono rabin abin da mijin ya rubuta a kai. Ciwon gwiwa ne ya hana mutumin wannan tafiyar. Shi zai yi mini tambayoyi, abin da ya yanke kuwa shi za ta bi.

Ta buɗe ƙofar lambu ta ɗaga hannu. Wanda ya shigo yana cire safar hannu, ya yi mini sallama cikin ladabi ya zauna a kujerar da ke fuskantata, Baba Mamane ne.