Wuƙaƙen da Obiora Ya Ara

"Yau ma ya ari wata?" in ji Kubura.

"Ya ɗauki ta Bida, mai ƙotar tagulla," in ji mijinta Falalu, yana kallon akwatin da ya kusa zama fanko.

Tun yana saurayi yake tara 'yan wuƙaƙen aljihu, kowace da kubenta na jar fata. Amma tun da aka fara kashe-kashe a Arewa, maƙwabcinsu a nan Anacha, Obiora, ke zuwa aro, ba ya mayarwa.

"Maigida, raba ka da makami yake yi. Ranar da za su zo mana, ko ta yankan albasa ba za ka samu ba."

Falalu bai musa ba. Shi ma ya daina sakar wa Obiora fuska.

Ranar Talata samarin Anacha suka shigo unguwar Hausawa bincike. Duk gidan da aka ga makami, sai a fito da mai gidan. Suka birkice ɗakin Falalu, ba su ga komai ba, suka wuce.

Washegari suna hawa motar da za ta haye gada da su zuwa Asaba don su tsira, matar Obiora ta iso da gudu, ko ɗankwali babu.

"Sun tafi da shi. Sun ga wuƙaƙen Hausa a ƙarƙashin gadonmu, wai yana ɓoye wa 'yan Arewa makamai. Ya ƙi faɗin mai su."

Kubura ta ƙanƙame hannun rigar mijinta. A hankali ya zare hannun, ya sauko.

"Direba, kai min ita Asaba. Ni zan je in gaya musu nawa ne."